Neman fayil a rumbun haɗaka: a ajiye fihirisa inda fayilolin suke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini domin in tayar da maganar wani abu da ke cinye lokacin ma'aikata kullum, amma ba kasafai ake taɓo shi a shafin kimiyya da fasaha ba. Sana'ata kula da kwamfutocin ofis ce, kuma koken da ya fi yawan iso ni shi ne na neman fayil a rumbun haɗaka, wato ma'ajiyar nan da ke kan uwar garke (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) wadda kowa a ofis yake zuba aikinsa a ciki. Takarda tana nan, wanda ya ajiye ta ya rantse tana nan, amma da zarar an rubuta sunanta a gurbin bincike sai a zauna ana kallon koren layin saman taga yana jan ciki. Wani lokaci ya kai ƙarshe ya ce bai ga komai ba, wani lokaci kuma mai neman ya gaji ya rufe tun kafin nan.

Abin da ke biyo baya shi ya fi damuna. Ma'aikacin da ya sha wannan wahala yakan daina yarda da rumbun. Sai ya kwafe abin da yake buƙata ya ajiye a kwamfutarsa, abokin aikinsa ma ya yi haka, kafin a ankara takarda ɗaya ta zama huɗu ko biyar, kowacce da irin gyaran da aka yi mata, babu mai iya nuna ta gaskiya. Ranar da faifan kwamfutar mutum ɗaya ya mutu, duk aikin da bai shiga rumbun ba ya tafi ke nan, domin rumbun ake yi wa kwafin ajiya. Su kuma shugabanni, idan koke ya yi yawa, abin da suka fi saurin amincewa da shi shi ne a sayo sababbin kwamfutoci ko a ƙara ƙarfin intanet. Ni kuwa ina da yaƙinin cewa a mafi yawan ofisoshi ba a nan gizo ke saƙar ba. Matsalar ta fihirisa ce: ko babu ita sam, ko tana wurin da bai dace ba.

Bari in fayyace. Idan mutum ya nemi fayil a cikin kwamfutarsa amsa ta fito nan take, ba a lokacin ne kwamfutar ta bi faifan ta duba ba. Tun tuni wata manhaja da ke aiki a bayan fage ta zagaya, ta rubuta sunan kowane fayil, da inda yake, da ranar da aka taɓa shi, wani lokaci har da kalmomin da ke cikinsa, ta tara a wuri guda. Ita ce fihirisa, irin wadda ake sa wa babban littafi don kada mai neman mas'ala ɗaya ya karanta shafi ɗari biyar. A Windows, manhajar da ke wannan aiki sunanta Windows Search, tana kuma ajiye fihirisar a fayil mai suna Windows.edb, wanda ya koma Windows.db a Windows 11. A kwamfutocin Apple, Spotlight ce ke yin sa tun shekarar 2005.

To amma fihirisar da ke kwamfutarka ta faifanka ce kaɗai. Windows ba ta shigar da rumbun haɗaka a cikinta haka kawai. Don haka idan ka yi bincike a rumbun, kwamfutarka sai ta bi doguwar hanya: ta tambayi uwar garke me ke cikin wannan folda, ta jira amsa, ta shiga ta gaba ta sake tambaya, haka har ta ƙure su duka. Ƙa'idar da suke magana da ita sunanta SMB, kuma kowace tambaya sai ta je ta dawo ta cikin waya. Mu ƙaddara rumbun yana da folda 20,000, kowacce kuma tambaya ɗaya tak take buƙata, alhali a zahiri takan fi haka. A cikin gini ɗaya, inda zuwa da dawowa ke ɗaukar kashi 1 cikin 1,000 na daƙiƙa, jira kaɗai zai ci daƙiƙa 20. Ma'aikacin da ke shigowa daga nesa ta VPN, wato killatacciyar hanyar shiga layin ofis ta intanet, wanda kai-komonsa ke ɗaukar kashi 50 cikin 1,000, zai jira daƙiƙa 1,000, kusan minti 17. Ƙara faɗin layin intanet ba zai rage wannan sosai ba, tunda yawan kai-komon ne ke cin lokacin, bayanan da ake ɗaukowa kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Wannan fa suna kawai ake nema. Idan kalmar da ke cikin takarda ake so, dole a jawo kowane fayil ta waya a buɗe shi. Rumbu mai gigabait 200, a kan layin gigabit da ke kawo kusan megabait 110 a daƙiƙa, zai ci wajen rabin awa. A kan tsohon layi mai megabit 100, awa biyar ke nan. Kuma duk wanda ya danna bincike sabon zagaye yake tayarwa, yana nauyaya wa uwar garken da sauran jama'a ke aiki a kanta.

Maganin da nake kira a rungume shi mai sauƙi ne: a gina fihirisar a kan na'urar da fayilolin suke zaune, sau ɗaya, domin kowa. Idan uwar garken Windows Server ce, kayan aikin yana ciki, ba sai an sayi komai ba. A shiga Server Manager, a ƙara Windows Search Service, a tabbatar ya tashi yana aiki, sannan a buɗe Indexing Options a zaɓi foldar da aka raba wa jama'a. Daga nan kwamfutocin ma'aikata, tun daga Windows 7 zuwa sama, da kansu suke gane cewa uwar garke tana da fihirisa. Maimakon zagayen folda-folda, sai su aika tambaya guda, uwar garke ta duba fihirisarta ta maido da amsa. Ba a taɓa komai a kwamfutar ma'aikaci. Wanda yake son ya tabbatar aikin ya kankama, ya gwada shigar da foldar rumbun cikin ɗaya daga ɗakunan tattara fayiloli da Windows ke kira Libraries. Idan babu fihirisa, Windows za ta ƙi, ta kuma faɗi dalili. Idan ta karɓa ba gardama, an dace.

Akwai abubuwan lura da nake ganin ana tsallakewa. Asusun SYSTEM na uwar garke, wanda manhajar fihirisa ke aiki da shi, yana buƙatar izinin karanta foldar, in ba haka ba manhajar za ta wuce ta ba tare da ta yi ƙorafi ba. Masu tsaurara tsaro sukan cire wannan izini da kyakkyawar niyya, daga baya a rasa dalilin da wani sashe ba ya fitowa a bincike. Fihirisar kanta tana girma, musamman idan an ce ta haɗa da abin da ke cikin takardu, saboda haka gara a ɗauke ta daga faifan da babbar manhaja take, a mayar da ita kan faifan SSD, wato faifai mai saurin karatu, mai wadataccen fili. Ana yin haka a sashen Advanced na Indexing Options. Zagayen farko yana da nauyi, a fara shi bayan an tashi aiki a ƙarshen mako.

Sannan tana da iyaka, kuma Microsoft da kansa ya faɗe ta: idan abubuwan da ke cikin fihirisa suka haura 400,000 ana iya fara ganin nauyi, kuma miliyan 1 ne adadin da ya ambata a matsayin abin da manhajar za ta iya ɗauka. Wannan ya sa ba na goyon bayan a zaɓi faifai gaba ɗaya a ce a yi masa fihirisa. Kwafin ajiya, da fayilolin girka manhaja, da tarkacen wucin gadi, duk a cire su. Hotuna da bidiyo a riƙe sunansu da bayanansu kawai. Takardun da ake aiki da su yau da gobe su ne suka cancanci a karanta cikinsu. Tsofaffin ayyukan da aka rufe shekaru da suka wuce a ware musu folda dabam, a nemo su da suna idan buƙata ta taso.

Akwai wata gajeriyar hanya da ake yawan ba mutane shawara a kai, wadda ni ina hana ta. Idan ka danna dama a kan foldar rumbu ka zaɓi Always available offline, Windows za ta yarda ta shigar da ita fihirisarka. Gaskiya ne. Amma dalilin yardar shi ne ta kwafo foldar kacokan zuwa faifanka. Ga mai tafiye-tafiye da ke riƙe da ƙaramar folda, wannan daidai ne, don shi aka yi ta. Ga rumbun ofis baki ɗaya kuwa an gudu ne ba a tsira ba: faifan kowa ya cika, layi ya cunkushe da kwafe-kwafe, idan mutum biyu suka gyara takarda ɗaya a rabe a shiga rikicin wace za a riƙe, kuma duk kwamfutar hannu da ta ɓata ta tafi da takardun ofis a cikinta.

Yanzu ga manhajar da na san masu karatu da yawa za su ce me ya sa ban fara da ita ba, wato Everything ta voidtools, wadda David Carpenter ya rubuta. Ina ƙaunarta, ina kuma amfani da ita kullum. Kyauta ce, kuma sirrin saurinta shi ne ba ta bin folda ɗaya-ɗaya. Faifan da aka tsara da NTFS yana da babban jadawalinsa da ake kira MFT, inda sunan kowane fayil yake, sai ta karanta shi kai tsaye, sannan ta riƙa bin rajistar canje-canje ta USN don ta san abin da aka ƙara ko aka goge. Masu ita sun ce fayil miliyan 1 yakan ɗauke ta kusan minti ɗaya. Sai dai wannan dabara tana aiki ne a faifan da ke jikin kwamfutar. Ta waya ba a iya karanta MFT. Idan ka ƙara mata rumbun haɗaka, zagayen folda-folda ɗin nan za ta yi, ta adana sakamakon, ta riƙa sabuntawa lokaci-lokaci. Ga mutum ɗaya ko biyu babu laifi, a saita sabuntawar ta zama da dare. Amma kwamfuta talatin, kowacce tana zagaye rumbu don kanta, nauyi ne da bai kamata a ɗora wa uwar garke ba. Abin da ya fi shi ne a girka ta a kan uwar garken, inda take da MFT a hannu, sauran su riƙa tambayarta ta hanyar ETP, ƙa'idar da take da ita ta amsa tambaya ta waya.

A nan ne nake roƙon 'yan'uwana masu wannan sana'a su tsaya su yi tunani, domin a nan amana take. Fihirisar Windows Search tana tace amsa bisa izinin mai tambaya: abin da ba ka da ikon buɗewa ba zai fito maka ba. Everything kuwa, da yake daga jadawalin faifai take ɗauko sunaye, ba ta yin wannan tacewar. Duk wanda ya samu shiga fihirisarta zai ga sunan duk abin da aka sa a ciki. Wani zai ce ai suna ne kawai, ba zai iya buɗe fayil ɗin ba. To suna ma magana ne. Fayil da aka rubuta wa takardar sallama haɗe da sunan ma'aikaci ya gama ba da labari. Haka wanda ke ɗauke da sakamakon asibiti na wani, ko binciken ladabtarwa, ko jerin waɗanda za a rage. Mutumin da abin ya shafa yana da haƙƙin kada abokan aikinsa su ji ta gurbin bincike. Saboda haka wanda zai raba wannan fihirisa ya fara cire foldojin sashen ma'aikata da na kuɗi da na shari'a daga cikinta, ya sa mata suna da kalmar sirri, ya kashe zaɓin da ke ba da damar sauke fayil ta wannan hanya, kuma kada ya taɓa buɗe ta ga intanet, domin ETP a kan tsohuwar ƙa'idar FTP aka gina shi. Bayan an gama, a shiga da asusun ƙaramin ma'aikaci a nemi abin da bai kamata ya gani ba. Gwaji da asusun mai kula ba ya nuna komai, tunda shi komai a buɗe yake gare shi. Idan ofis ba zai iya yin wannan tsari ba, gara kowa ya haƙura da bincike mai ɗan nauyi.

Ba kowane ofis ke da Windows Server ba. Da yawa ƙaramin akwatin ajiya suke da shi, wanda ake kira NAS. Shawarar ba ta canza ba. Synology yana da Universal Search, QNAP yana da Qsirch, dukkansu a cikin akwatin suke gina fihirisa, sai a kunna su a zaɓi foldojin da ake so. Abin da za a sanar da ma'aikata shi ne yawanci ta shafin akwatin a burauza ake binciken, don kada su koma gurbin Windows su ce ba a gyara komai ba. Masu uwar garken Linux da ke raba fayil da Samba, manhajar da ke magana da ƙa'idar SMB, tun sigar 4.12 ta shekarar 2020 suna iya haɗa shi da manhajar bincike ta Elasticsearch domin kwamfutocin Apple su yi bincike ta Spotlight. Umarnin locate kuma, wanda ake neman fayil da shi a Linux, a yawancin tsarin Linux an saita shi ya tsallake rumbunan da aka ɗauro ta waya, don haka a kan uwar garken ya kamata a gudanar da shi. Wanda yake son binciken cikin takardu ba tare da sayen lasisi ba, ga Recoll ga DocFetcher.

Wani abu da ke ruɗa mutane shi ne takardun da aka ɗauka da sikana. Fayil ɗin PDF ne, ido yana ganin rubutu, amma a wurin kwamfuta hoto ne zalla, babu harafi ko ɗaya a ciki. Duk ƙarfin fihirisa ba za ta samo kalma daga hoto ba. Sai an bi da takardar ta manhajar gane rubutu, wato OCR, wadda ke sa rubutu na gaske a bayan hoton. Sikana da yawa suna da wannan zaɓi a manhajarsu, kunna shi ne ba a yi ba. Ga tsofaffin da aka riga aka tara, akwai Tesseract, wadda kamfanin HP ya saki kyauta a 2005. Ko PDF mai rubutu na gaske ma, sai uwar garke tana da matatar da ke karanta irinsa, wadda Windows ke kira IFilter. A duba jerin nau'o'in fayil a Indexing Options a ga ko an ce a karanta ciki ko suna kawai.

Ban ce waya ba ta da laifi ko kaɗan ba. Layin gigabit yana buƙatar dukkan silin waya takwas da ke cikin kebul. Idan wasu suka tsinke, sau da yawa yakan sauko megabit 100 shiru, babu sanarwa. Duba wannan minti ɗaya ne. Haka kuma duk inda aka ga SMB1 yana aiki a kashe shi. Tsohuwar siga ce mai yawan kai-komo; SMB2 da ya zo da Windows Vista a 2006 ya rage umarnin daga sama da 100 zuwa 19. Ta ɓarakar SMB1 ɗin ne kuma muguwar manhajar nan WannaCry ta bi ta mamaye kwamfutoci a faɗin duniya a watan Mayun 2017. Idan wata tsohuwar na'ura ce ta hana a kashe shi, na'urar ce ya kamata a sauya.

Saura rabon ma'aikata, don mai kula ba zai iya shi kaɗai ba. Fihirisa tana nemo abin da aka rubuta ne. Rumbun da ya cika da sabo, da sabo na biyu, da na ƙarshe, da na ƙarshe gyararre, zai dawo da amsa cikin ƙiftawar ido, amma amsar ba za ta amfani kowa ba. A zauna a amince da tsari guda: kwanan wata a gaba, shekara sannan wata sannan rana, kamar 2024-03-15, don fayiloli su jeru da kansu, sai sunan aiki, sai irin takardar. Mu masu rubutu da Hausa mu ƙara da wannan: k da ƙ, d da ɗ, b da ɓ, haruffa ne mabambanta a wurin kwamfuta, kada a dogara cewa manhaja za ta ɗauke su ɗaya. A zaɓi salo ɗaya na rubuta sunan fayil, kowa ya bi. A kuma rage cusa folda cikin folda, domin manhajoji da yawa a Windows har yanzu suna tuntuɓe idan cikakken adireshin fayil ya kai haruffa 260.

Ga shugabannin ofisoshi da ke karanta wannan shafi, roƙona shi ne kafin ku sa hannu a takardar sayen sababbin kwamfutoci saboda koken bincike, ku kira mai kula da na'urorinku ku tambaye shi: ina fihirisar rumbunmu take, kuma wa yake iya ganin me a cikinta? Ku ba shi ƙarshen mako guda da faifan SSD ɗaya. Sannan ku ɗora wa mutum guda alhakin leƙa ta duk wata, ya ga ko adadin abubuwan da ke ciki yana tafiya daidai da girman rumbun, ko faifan da take kai yana da sauran fili, ko an buɗe sabuwar folda da ba a shigar ba, ko an buɗe ta sirri da ya kamata a cire. Fihirisa takan lalace idan wuta ta ɗauke ba zato, kuma alamarta ita ce sababbin fayiloli su daina fitowa a bincike alhali tsofaffi suna fitowa. Idan aka ga haka, maɓallin Rebuild yana nan a sashen Advanced, a danna shi bayan kowa ya tashi.

Wassalam.

Naka,
Wani mai kula da kwamfutocin ofis